Kafin ka biya kuɗin tab, duba ko za ta ɗauki manhajar da kake so

Yawancinmu in za mu sayi tab, wato kwamfutar hannun nan mai faɗin sikirin, abu uku muke tambayar mai shago: RAM nawa ce, memori nawa, batirin yana jimawa? Wani ya ƙara da kamara. Duk wannan ba laifi, amma gaskiya ba su ke sa mutum ya dawo shago rai a ɓace bayan kwana biyu ba. Abun da ke maido da mutane shi ne manhaja, ka sayi tab mai kyau tana sheƙi, ka isa gida ka nemi afilikeshan ɗin da ka saye ta dominshi ta ce maka bai dace da na'urarka ba, ko ma ka duba sama da ƙasa ka ga babu Play Store ɗin kwata-kwata, kuma mai shago ba zai amshi kayanshi ba tunda ba lalacewa ta yi ba, lafiyarta lau, aikinka ne kawai ba ta iyawa.

To abun da za ka fara yi tun kana gida shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da dole sai da su. Ba waɗanda kake sha'awa ba, waɗanda in babu su tab ɗin ba ta da amfani a wurinka. Ɗalibin UMYU ko na Hassan Usman Poly mai rubuta forojet jerinshi daban, mai aikin tattara bayanai a ƙauyuka ma ƙungiyoyi nashi daban, mai shagon buga katin biki da kalanda nashi daban, haka uwar da ke son ta saya ma yara abun karatu da sauraren ƙira'a. Wannan takardar ita za ta zaɓa maka tab, ba hoton da ke jikin kwali ba.

Abu na gaba ka gane cewa tab ba gida ɗaya suke ba. Akwai iPad ta Apple mai tafiya da iPadOS, akwai masu Android irin su Samsung da Lenovo da Tecno da itel da Infinix, akwai masu Windows irin su Surface, kuma manhajar wannan ba ta hawa kan wancan. Fayil ɗin APK da abokinka zai turo maka ta Xender ba zai taɓa buɗewa a iPad ba, haka fayil ɗin kwamfuta mai .exe a ƙarshe ba ya hawa Android ko iPad ko da RAM ɗinta ta kai 16. Kamar ka sayi tayar Keke Napep ne ka ce sai ka sa ma mashin, tayar ba ta da laifi, ba wurinta ba ne.

Bari in tsaya a kan Android sosai don nan ne aka fi cutuwa, saboda ba kowace Android ce ke da Google a ciki ba, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Fire ta Amazon, wadda ake yawan kawowa cikin kayan Landan yus da araha, tsarinta Fire OS ne, an gina shi a kan Android amma shagon manhajarta na Amazon ne, babu Play Store, kuma manhajoji da yawa da muke amfani da su a nan ba su ciki. Huawei kuma tun watan Mayun 2019 da Amurka ta sa mata takunkumi sabbin na'urorinta ba su zuwa da kayan Google, shagon manhajarsu AppGallery suke da shi. Sai kuma tab ɗin da aka yi don kasuwar cikin ƙasar Sin, za ka ga Lenovo ce ko Xiaomi ta gaske, injinta mai ƙarfi, kuɗinta ƙasa da na saura, amma tsarin da ke ciki na can ne, Google ko dai babu ko an cusa shi daga baya. Mai gyara zai ce maka "ai ba komai Malam, yanzu zan sa maka Play Store," kuma eh zai iya sawa ya buɗe ka gani da idonka, matsalar ita ce manhajoji da yawa ba shagon kaɗai suke buƙata ba, suna dogara da Google Play Services da ke aiki a ƙarƙashi, shi ke kawo sanarwar saƙo a kan lokaci, shi ke ba manhaja taswira, shi ke tabbatar ma manhajar banki cewa na'urar ba a taɓa cikinta ba. In wannan bai zauna daidai ba sai ka ga saƙo ba ya shigowa sai ka buɗe manhajar da kanka, ko manhajar banki ta buɗe ta rufe, ko afdet ɗaya ya zo komai ya wargaje ka koma wurin mai gyara ka sake biya.

Yadda za ka gane cikin minti ɗaya: buɗe Play Store, taɓa hoton asusunka a sama, shiga Settings, sannan About, ka sauka ƙasa wurin Play Protect certification. In ka ga an rubuta "Device is certified" to Google ta san da wannan na'urar. In an ce "not certified" ni dai shawarata ka aje ta, sai dai in kallon bidiyon da ka tura mata da karatun PDF kawai za ka yi.

Sannan akwai tab ɗin nan marasa suna da ke cika teburi, kwali ya ce Android 13, RAM 16, memori 512, kuɗin kuma bai kai na ƙaramar waya ba. Wallahi da yawansu abun da ke rubuce a Settings ma an gyara shi ne, ciki tsohuwar Android ce da RAM kaɗan. Ka sauke CPU-Z ko AIDA64 a nan cikin shagon ka duba lambar da ake ce ma API level, ita ta fi wuyar ɓoyewa: Android 10 lambarta 29, Android 11 kuma 30, Android 12 tana 31, Android 13 tana 33, Android 14 tana 34. In an ce maka 13 ce ka ga 27 ko 28 ka san inda aka dosa. Kuma ko a masu suna in ka ga an rubuta RAM 4+4, huɗun farko ce ta gaske, ta biyun aro ce daga memori kuma ba ta da saurin ta gasken. A cikin AIDA64 ɗin nan dai za ka ga ko tsarin 64-bit ne, in ka ga arm64-v8a to shi ne, in armeabi-v7a kaɗai ka gani 32-bit ne kuma wasu sabbin manhajoji da gem ba za su ma fito maka a Play Store ba. Mai Android Go kuma an yi ta ne don ƙananan na'urori masu RAM kaɗan, tana YouTube da karatu, kar ka ɗora mata buri.

Shekarun tsarin su ma abun dubawa ne ƙwarai, don masu manhaja suna yanke tsofaffi a hankali a hankali. WhatsApp tun Oktoban 2023 ya daina aiki a ƙasa da Android 5, Chrome kuma a 2025 ya daina ba Android 8 da 9 sabon afdet, manhajojin banki su ma kowanne da inda ya ja layinshi kuma layin gaba yake yi ba baya ba. Don haka ka tambayi abu biyu, wace Android ce a kai yanzu, kuma kamfanin ya yi alkawarin afdet na shekara nawa. Samsung misali ta ba jerin Galaxy Tab S9 alkawarin sabuwar Android sau 4 da gyaran tsaro na shekara 5, amma ƙananan tab da yawa yadda suka fito daga kwali haka za su tsufa. Abun yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma, in wurin aikinku suna da wata tsohuwar manhaja ta APK da ba a sabunta ba tun tuni, Android 14 tana ƙin ɗora manhajar da aka gina ma ƙasa da Android 6, to ka gwada ta tukunna kafin ka sayi sabuwar tab kana murna.

Yanzu iPad. Ni ina son iPad, sikirinta da batirinta da yadda take jimawa ba ta fara nauyi ba abun yabo ne, kuma mai zane da Procreate ba shi da wani zaɓi don manhajar ba ta Android. Amma akwai abubuwan da mutumin Katsina zai ɗauka tana yi kuma ba ta yi. Ko mai sim ce, sim ɗin na data ne kawai, ba ta kiran waya irin na layi, ba ka danna *737# ko *901# ko *966# ka tura kuɗi, kuma manhajar Messages ɗinta ba ta tura SMS da sim ɗin da ke cikinta, sai dai ta bi ta iPhone in kana da ita. Wadda ba ta da sim, mai Wi-Fi kawai, ba ta da GPS a ciki, hasashen wuri take yi da Wi-Fi ɗin da ke kusa, wanda a cikin gari zai iya kusantowa amma a gona bayan Mashi ko Ɓaure babu abun da za ta kama. Sabbin iPad Pro da Air na 2024 kuma babu ma ramin sim, eSIM ne kaɗai, sai ka je ofishin MTN ko Airtel an haɗa maka.

Masu aikin tattara bayanai ku saurara nan da kyau, don na san matasa da yawa a Katsina da Daura wannan aikin ke kawo masu kuɗi: KoboCollect da ODK Collect na Android ne kawai, babu su a App Store. A iPad sai dai ka cika fom ɗin ta burauza, kuma in shugaban aikinku ya ce kowa ya zo da na'ura mai KoboCollect to Android yake nufi, mai GPS, mai Play Store na gaske. Kar ka kashe kuɗi mai yawa a iPad ka ƙare da aron wayar ƙanenka ranar tirenin.

Tsofaffin iPad na gwanjo kuma ka san inda kowacce ta tsaya. iPad 2 da 3 da mini ta farko sun tsaya a iOS 9, iPad 4 a iOS 10, Air ta farko da mini 2 da mini 3 a iOS 12, Air 2 da mini 4 a iPadOS 15, iPad ta 5 a 16, ta 6 a 17. WhatsApp na iPad sai a Mayun 2025 ya fito kuma yana son 15.1 zuwa sama, ka ga duk na ƙasa da Air 2 sun fita. Jikinsu zai yi kyau, batiri ma wataƙila da saura, amma ka shiga App Store kusan duk abun da ka taɓa sai ya ce yana buƙatar sabon tsari. Shiga Settings, General, About ka ga sunan samfurin da lambar tsarin da idonka, kar ka tsaya a "ai iPad ce." Alƙalaminta ma haka, Apple Pencil kala huɗu ne kuma kowace iPad da wanda take amsa, ka duba kafin ka saya.

Sai maganar da ta fi shafar ɗalibai da ma'aikata, masu cewa bari in sayi tab da kibod ta zame mani laftof. Word da Excel da PowerPoint duk akwai su a Android da iPad, gaskiya ne, amma ba irin na kwamfuta ba ne, an rage masu abubuwa. Excel na tab ba ya tafiyar da makuro, to in fayil ɗin ofis ɗinku na albashi ko na sakamakon jarrabawa yana da maɓallan da ake dannawa su yi lissafi da kansu, a tab zai buɗe ka ga lambobi amma maɓallan ba za su motsa ba. Microsoft Access babu shi sam. SPSS da malamin forojet zai ce ka yi babi na huɗu da shi babu shi a Android ko iPad. CorelDRAW cikakke da masu buga kati ke aiki da shi na Windows da Mac ne, AutoCAD na tab kuma na duba zane ne da ɗan gyara, ba wanda za ka zauna ka ida zanen gida da shi ba. Ga kuma wata ƙa'ida ta Microsoft da ba a faɗa ma mai saye: gyara rubutu kyauta a Office na na'urar da sikirinta bai wuce inci 10.1 ba ne, in ya wuce sai ka biya Microsoft 365, kuma iPad ta talakawa ma tun 2019 ta wuce nan, a lokacin inci 10.2 ce, sabbinta sun fi haka. Za ka iya komawa WPS Office ko Google Docs, suna aiki, sai dai ka sani in ka kai fayil ɗin bizines santa a buga wani lokaci teburi da lambar shafi suna gocewa, gara ka maida shi PDF kafin ka fita. DeX na Samsung yana sa fuskar tab ta koma kamar ta kwamfuta da tagogi da linzami, yana da daɗin aiki, amma manhajojin da ke ciki na Android ne dai.

In jerinka ya cika da irin waɗannan, to tab mai Windows kake nema ko laftof kai tsaye, kuma ni a ganina laftof ɗin ta fi maka sauƙin kuɗi da sauƙin gyara a nan. In kuma Surface ɗin kake so, kula da abu kaɗan. Surface RT ta 2012 da Surface 2 kar ka amsa ko kyauta-kyauta aka yi maka farashi, Windows RT ce a kai, kamanninta na Windows amma ba ta ɗaukar manhajar kwamfuta. Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Surface Pro 3 da 4 da ta 2017 ba su cikin waɗanda aka amince su hau Windows 11, daga Pro 6 ne zuwa sama. Masu injin ARM irin Surface Pro X suna tafiyar da manhajoji da yawa ta hanyar kwaikwayo amma direbobin tsofaffin firinta da sikana sau da yawa ba su hawa. In ka ga an rubuta S mode, kamar yadda Surface Go da yawa ke zuwa, daga Microsoft Store kawai take ɗaukar manhaja sai an fitar da ita, fitarwar kyauta ce amma ba a komawa. Kuma kar wani ya ce maka za ka sa manhajojin Android a kai, Microsoft ta rufe wannan tsarin a Maris ɗin 2025.

Firinta ma haka, tsohuwar firintar USB ta shago da ke son direba ba lallai ta yi magana da Android ko iPad ba, iPad tana son mai AirPrint, Android mai Wi-Fi ko Mopria. Masu son Netflix kuma su sauke manhajar DRM Info su duba matakin Widevine, wato tsarin kare haƙƙin bidiyo, L1 ke ba da hoto mai kyau, L3 ko sikirin ya kai girman faranti hoton zai fito dishi-dishi.

Na hannu kuma akwai makullai uku da ke maida tab allo kawai. A iPad akwai Activation Lock na iCloud, a Android akwai makullin asusun Google da ke fitowa bayan an goge na'ura, sai kuma wanda aka fi mantawa, tab ɗin makarantu da kamfanonin waje da ke ƙarƙashin kulawar nesa, za ka ga an rubuta Remote Management ko a ce wata ƙungiya ce ke kula da na'urar, irin wannan tana iya hana ka ɗora manhaja ko ta kulle ranar da ka yi mata filashin. Maganin duka ukun ɗaya ne, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta daga farko da intanet, ka sa naka asusun da hannunka. In mai kayan ya ce kar a goge "don kar manhajojin da ke ciki su tafi," to akwai abun da yake gudu.

Ranar sayen ka tafi da data a wayarka ka kunna hotspot, da takardar nan taka, da fayil ɗaya ko biyu na ainihin aikinka a filashi ko a imel. Ko a nan cikin gari ne ko ka shiga Farm Centre a Kano, ka ce ma mai shagon, "Alhaji don Allah ka ba ni minti ashirin in gwada kayan aikina a kai, in ta ɗauka yanzu zan biya." Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka ba. Ka ɗora manhajojin ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ka tsaya a ganin sun sauka, ka buɗe kowacce ka shiga da asusunka, manhajar banki ka ga ta wuce wurin faswod ta nuna maka balans, Zoom ko Google Meet ka kira wani ka ji murya ka ga hoto, fotal ɗin makarantarku ka shiga har wurin ɗora fasfo da fitar da risit, don wasu shafukan an yi su ne da tunanin kwamfuta kuma maɓallin ƙarshe ne ke ƙin dannuwa a tab. Ka juya ta a kwance ka gani, manhajoji da yawa na waya ne kawai aka buɗa, a tsaye suke tsayawa ko da ka jona kibod. In mai rubuta Hausa ne kai ka sa Gboard ka zaɓi Hausa ka ga ƙ da ɗ da ɓ suna fita, in kuma da Larabci kake aiki ka buɗe fayil mai wasali ka ga bai wargaje ba. In sim ke gabanka a Android ka sa layinka ka danna *310# ka gani, don wasu tab masu sim ma data kaɗai suke yi babu wurin kira.

In sabuwa ce a kwali mai shago ya ce ba a buɗewa sai an biya, to ka nemi lambar samfurin da ke bayan kwalin ka bincika ta a wayarka kana tsaye, ka shiga shafin kowace manhaja ka ga mafi ƙarancin tsarin da take amsa, sannan ku yi magana a fili cewa in ka buɗe a nan cikin shagon ba ta da Play Store na gaske ko ta ƙi manhaja kaza za a canza maka, kuma a rubuta hakan a bayan risit ya sa hannu. In kuma aike za ka yi, wani ɗan'uwa zai sayo maka daga Kano ko Legas, ka tura mashi sunan samfurin da lambarshi a rubuce da jerin manhajojin, ka ce ya ɗauko maka hoton shafin About da na Play Protect ya turo kafin ya miƙa kuɗi.